Daga «harshen dutse» zuwa Igdaman: tarihin tara haƙoran kifin shak na dutse da adana su

1. Gabatarwa

Nijar ba ta da gaɓar teku. Daga Tawa zuwa ruwan gishiri mafi kusa tafiya ce ta wajen kilomita 1000. Duk da haka, cikin duwatsun Adar da na Azawak akwai burbushin halittun teku masu yawa, har da haƙoran kifaye masu farauta waɗanda suka zama dutse. Tun farkon ƙarni na 20 baƙi ke zuwa suna tsintar irin waɗannan abubuwa, suna kai su Landan da Faris, suna raɗa musu sunaye. Wannan takarda za ta bi sawun wannan aiki na tsinta da ajiya, tun daga inda ya faro a ƙasashen Bahar Rum har zuwa inda ya iso gare mu.

Abin da muke son nunawa guda ne. Haƙorin da ya yi shekara miliyon 60 cikin ƙasa ba shi da wuyar ajiya. Abin da ke saurin salwanta shi ne labarinsa, watau wurin da aka same shi, da shimfiɗar dutsen da ya fito daga cikinta, da wanda ya tsince shi, da ranar da aka tsinta. Sai da Turawa suka yi ƙarnuka kafin su gane cewa wannan labari ya fi haƙorin kansa daraja. Tun da yake da kalmomi ake ajiye labari, kuma babban rabonsa sunayen wurare ne, masu nazarin harshe suna da ta cewa a cikin zancen, ko da ba su taɓa riƙa gudumar fasa dutse ba.

Dangane da kalmomin da za mu yi aiki da su: Hausa ba ta gaji suna ba ga kifin da ake kira requin da Faransanci, ƙirsh da Larabci. Za mu ce «shak», kamar yadda ake ji a gidajen rediyo. Danginsa masu faɗin jiki, waɗanda Faransawa ke kira raie, za mu ce musu «kifin faifai». Abin da ake kira fossile za mu ce masa «burbushi», haƙorin da ya zama burbushi kuwa «haƙorin dutse».

2. Dalilin da ya sa haƙori ne ke saura

Shak da kifin faifai ba su da ƙashi irin na sauran kifaye. Ƙwarangwal ɗinsu na guringuntsi ne, kuma guringuntsi yana ruɓewa jim kaɗan bayan mutuwa. Haƙori kuwa yana da ɓawo mai tsananin ƙarfi, na fosfat da alli da fuluwor, wanda ruwa da ƙasa ba su cin sa da sauƙi. Sa'an nan haƙoran shak ba a kafe suke cikin muƙamuƙi ba. Jeri-jeri suke, na baya na turo na gaba, na gaba na zubewa, muddin kifin yana da rai. Saboda haka kifi guda yakan zubar da dubban haƙora kafin ya mutu. Idan haƙori ya faɗi cikin laka ta rufe shi, ma'adinan da ke cikin lakar sukan shiga ƙofofinsa sannu a hankali. Shi ya sa ake samun baƙi, da ja, da ruwan toka, da ruwan ƙasa. Launin na ƙasar da ta riƙe shi ne, bai nuna irin kifin ba, bai kuma nuna yawan shekarunsa ba.

Wannan yanayi ya haifar da abu biyu da za mu riƙa gamuwa da su har ƙarshen tarihin. Na fari, haƙoran suna da yawa ƙwarai, har mai tsinta ya ga babu amfanin rubuta inda kowane ya fito. Na biyu, kusan kullum a warwatse ake samun su, babu jikin mai su, don haka duk abin da za a sani game da su ya dogara ga siffarsu da wurin da suke kwance.

3. Lokacin da haƙori yake laya

Mutanen dā na Girka da Roma sun san waɗannan duwatsu, suna kiran su glossopetra, watau «harshen dutse», don siffarsu mai kusurwa uku ta yi kama da harshe. Pline Babba, wanda ya mutu cikin shekara ta 79, ya kawo zancensu a kashi na 37 na kundinsa na tarihin halittu, inda ya ruwaito cewa daga sama suke faɗowa idan wata ya ragu. Mai karatu Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don mu ma muna kiran gogaggen gatarin dutse na mutanen farko «gatarin aradu». Dutsen da ke da siffar abin da aka ƙera, amma ba a san maƙerinsa ba, sama ake danganta shi da ita.

A tsibirin Malta, inda duwatsun zamanin Miyosen ke cike da manyan haƙora, an ba su wani asali dabam. Babi na 28 na littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin yadda maciji ya sari Bulus a tsibirin bai yi masa lahani ba. Daga nan almara ta ƙara cewa ya la'anci macizan wurin, harsunansu suka zama dutse. Da harshen Malta ana ce musu ilsien San Pawl, «harshen Bulus». Kalmar ilsien ɗaya ce da lisan ta Larabci, kuma masu kwatanta harsunan Afro-Asiya sun daɗe suna haɗa ta da iləs ta Tamajak da halshe ta Hausar yamma, wadda ta zama harshe a Hausar gabas.

Tun da maciji bai ci Bulus ba, sai aka ɗauka cewa dutsen maganin dafi ne. Ana rataya shi a wuya, ana niƙa shi a sha, ana tsoma shi cikin abin sha don a gane ko an sa guba. Sarakunan Turai sun sa maƙeran zinariya sun yi musu ƙananan itatuwa na murjani ko na azurfa, an rataya haƙoran a rassansu, ana ajiye su bisa teburin cin abinci. Akwai irin waɗannan itatuwa har yanzu a gidajen ajiya na Viyana da Dresden. A zamanin da mayaƙan ɗariƙar Yahaya Mai Tsarki suka riƙe Malta, daga 1530 zuwa 1798, haƙoran sun zama haja da ake fitarwa zuwa sauran ƙasashen Turai. An adana su da kyau ƙwarai, cikin zinariya da azurfa, amma babu mai tambayar daga wane rami ko wace shimfiɗa suka fito. Abin da mai saye ke son ji kawai shi ne na Malta ne, don albarkar a nan take.

4. Lokacin da ya zama hujja

Cikin ƙarni na 16 likitoci masu nazarin kifaye suka fara lura da kamannin. Guillaume Rondelet na Mompeliye, cikin littafinsa na kifayen teku na 1554, da Conrad Gessner na Zurik cikin 1558, sun kusanta harshen dutse da haƙorin shak mai rai. Amma ra'ayin da ya fi rinjaye a lokacin shi ne duwatsun tsira suke yi cikin ƙasa, kamar yadda gishiri ke tsira, kuma kamannin wasa ne na halitta. Michele Mercati, mai kula da tarin ma'adinai na fadar Paparoma, yana cikin masu wannan ra'ayi. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce yawan duwatsun: ina aka samu kifayen da za su cika tsibiri guda da haƙora?

Fabio Colonna, mutumin Napoli, ya amsa da gwaji cikin 1616. Ya ƙona harsunan dutse, ya ga suna fara yin gawayi kamar ƙashi kafin su zama toka, saɓanin dutse na ainihi. Bayan shekara 50, cikin watan Oktoba na 1666, masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Livorno. Sarkin Toskana, Ferdinando na II, ya sa aka kai kan kifin Fulorans wurin Niels Stensen, likita ɗan ƙasar Danmak, wanda aka fi sani da Steno. Steno ya feɗe kan, ya ga jerin haƙoran da ke jiran su maye gurbin na gaba, watau amsar tambayar yawa tana cikin bakin kifin. Ya buga sakamakon cikin 1667, kuma zanen da ya yi amfani da shi na Mercati ne, wanda aka yi don kare ra'ayin da Steno ke rushewa.

Sai wata tambaya ta taso wadda ta fi ta farko nauyi: ta yaya abu mai ƙarfi ya shiga cikin wani abu mai ƙarfi? Amsar da Steno ya bayar cikin littafinsa na 1669 ita ce dutsen a dā laka ne a ƙarƙashin ruwa, lakar ta kwanta shimfiɗa bisa shimfiɗa, don haka ta ƙasa ta girmi ta sama. Wannan ƙa'ida ita ce tushen ilimin shimfiɗun ƙasa har yau. Ma'anarta ga mai tsinta a fili take: daga wannan rana, matsayin haƙori cikin dutse ya zama wani ɓangare na haƙorin.

Cikin 1670 Agostino Scilla, mai zane daga Messina, ya buga littafin da takensa ke nufin cewa gani da ido ya warware zaton banza, abin da Bahaushe zai ce gani ya kori ji. Ya zana haƙoran Malta da na Sisiliya da na Kalabriya ɗaya bayan ɗaya, da karayarsu da lalacewarsu, yadda za a iya gane kowanensu.

5. Lamba da rajista

Tarin Scilla bai watse ba bayan mutuwarsa cikin 1700. Wani likita na Landan, John Woodward, ya saye shi cikin 1717. Woodward ya riga ya buga wata ƴar takardar umurni cikin 1696 don matafiya da ke tara masa duwatsu, inda ya nemi a sa wa kowane abu lamba, a kuma rubuta cikin rajista wurin da aka same shi. Bayan ya mutu cikin 1728 tarinsa, wanda ya haura abu 9000, ya koma hannun jami'ar Kambirij, kuma yana nan har yau a gidan ajiya na Sedgwick cikin akwatunansa na asali. Ana iya ɗaukar haƙori daga aljihun akwati a aza shi kusa da zanen da Scilla ya yi masa fiye da shekara 350 da suka wuce.

Woodward ya yi imani cewa ruwan ɗufana ne ya narkar da duniya ya jera burbushi bisa ga nauyinsu. Wannan bayani ya faɗi tun da daɗewa, babu mai koyar da shi. Rajistarsa kuwa ana aiki da ita har yanzu. Da ya bar bayanin kaɗai bai bar rajista ba, da tarinsa ya koma kayan kallo.

A farkon ƙarni na 19 William Smith, mai awon hanyoyin ruwa a Ingila, ya nuna cewa kowace shimfiɗa tana da irin burbushinta, kuma da su ake gane ta ko a wuri mai nisa. Taswirarsa ta fito cikin 1815. Louis Agassiz, ɗan ƙasar Suwis, ya buga babban aikinsa kan burbushin kifaye tsakanin 1833 da 1843, ya kai adadin ire-iren da aka sani sama da 1700. Shi ne ya raɗa wa mai manyan haƙoran Malta suna megalodon, kifin da haƙorinsa kan kai santimeta 18, wanda ya ɓace wajen shekara miliyon 3 da rabi da suka wuce.

Aikin Agassiz da na magadansa ya zo da tasa matsala. A cikin baki guda, haƙorin gaba ya bambanta da na gefe, na sama ya bambanta da na ƙasa, na ƙaramin kifi ya bambanta da na babba, a wasu ire-iren ma na namiji ya bambanta da na mace. Da yake a warwatse ake tsintar su, sau da yawa an ba kifi guda sunaye da dama. Megalodon kansa ya sauya dangi a rubuce-rubuce, daga Carcharodon zuwa Carcharocles zuwa Otodus. Domin a iya gyara irin wannan, dokar raɗa wa dabbobi suna ta ɗaure kowane suna ga wani samfur na musamman, mai lamba, wanda ke ajiye inda kowane mai bincike zai iya zuwa ya duba. Duk gardamar da ta taso kan suna, wurin wannan samfur ake komawa.

6. Tekun Adar da masu tsintar ta

Tsakanin shekara miliyon 100 da miliyon 50 da suka wuce, teku marar zurfi ta sha malalowa bisa Sahara ta janye, tana haɗa tsohuwar tekun arewa da ake kira Tetis da yankin tekun Gine. Lakar da ta bari tana cikin babban kwarin da masana ƙasa suka raɗa wa sunan Abzinawan Iwillimmidan, wanda ya haɗa yammacin Nijar, da gabashin Mali, da yankin Sakkwato, da arewacin Benin. A gangaren Adar Dutsi, wajen Keita da Buza da kwarin Majiya, ana ganin shimfiɗun a fili: laka mai jibsi ta ƙarshen zamanin Kiretase a ƙasa, farin dutsen zamanin Paleyosen a tsakiya, jan dutse mai ƙarfe a bisa. Wannan farin dutse shi ne ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza da Kalambaina.

Sojojin mamaya ne suka fara tsinta. Cikin 1903 Albert de Lapparent ya gabatar wa Majalisar Kimiyya ta Faris burbushin teku da kapitan Gaden ya samo a Tamaske. Cikin 1904 F. A. Bather na gidan tarihi na Landan ya bayyana waɗanda kapitan Lelean, na hukumar shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa, ya samo a wurin da ya rubuta «Garadimi». Sun ɗauka duwatsun na zamanin Eyosen ne. Daga baya aka gane cewa sun girmi haka, na Paleyosen ne, kuma an iya yin gyaran saboda an san wuraren.

Aikin farko mai zurfi kan haƙoran kifi shi ne na Errol White, wanda hukumar binciken ƙasa ta Najeriya ta buga cikin 1934 kan lardin Sakkwato. A ciki ya raɗa sunayen Ginglymostoma sokotoense, wani shak mai kwanciya a ƙasan ruwa, da Myliobatis wurnoensis, kifin faifai da ya ci sunan Wurno. Cikin 1943 Camille Arambourg da Léonce Joleaud suka bayyana burbushin da aka tara a ɓangaren da Faransa ke mulki. Jacques Greigert ya tsara shimfiɗun kwarin gaba ɗaya cikin 1966. Sa'an nan cikin 1972 Henri Cappetta na Mompeliye, garin Rondelet, ya buga nazarinsa kan kifayen wurare biyu na jahar Tawa: dutsen Igdaman kusa da Kao, na ƙarshen Kiretase, da Sessao, na Paleyosen. Daga Igdaman ya fitar da sabon dangi na kifin faifai, Igdabatis. Cikin 1988 wata tawaga ta gidan tarihin halittu na Landan da makarantar Kingston ta zo yankin, kuma cikin 1991 Theagarten Lingham-Soliar ya raɗa wa wani ƙaton ƙadangaren teku suna Igdamanosaurus.

Me aka samu daga wannan duka? Misali biyu sun isa. Bayan 1972 an sami haƙoran Igdabatis a Indiya, aka ba su suna cikin 1993, sa'an nan aka same su a Ispaniya. Dutse guda na Azawak ya shiga cikin muhawarar yadda tekuna suke haɗe da juna lokacin da Indiya ke tsibiri. Na biyu, cikin 2010 an ba da rahoton Myliobatis wurnoensis a shimfiɗun ƙarshen Kiretase na Mali, alhali an san shi a shimfiɗun da suka biyo baya. Wannan ya nuna cewa kifin ya tsallake babbar halakar da ta auku shekara miliyon 66 da suka wuce, wadda ta kawar da dinozor da ƙadangarun teku. Da an kawo haƙoran cikin buhu guda, na sama da na ƙasa a gauraye, da babu mai iya faɗin haka.

7. Daga tsinta zuwa tankaɗe, da abokan gaban ajiya

Mai tafiya yana duban ƙasa manyan haƙora kaɗai yake gani. Amma ire-iren shak da kifin faifai da yawa haƙoransu bai wuce milimeta 1 ko 2 ba. Tun 1858 Charles Moore ya kwashi tan 3 na laka daga Holwell a Ingila, ya yi shekaru yana wanke ta yana tsincewa, ya fitar da dubban ƙananan haƙora. Dabarar ta bazu sosai bayan yaƙin duniya na biyu. Ana shanya ƙasar, a jiƙa ta, a tace ta da rariya mai ƙananan ido, a sake shanyawa, a tsince ƙwaya-ƙwaya ƙarƙashin madubin ƙara girma. Idan dutsen mai alli ne, akan narkar da shi da asid asetik mai rauni, watau tsamin da ke cikin binegar, sa'an nan a ɗauraye sosai. Wannan hanya ta sauya lissafin kifayen kowane wuri da aka gwada ta, kuma ta ƙara wa takardar shaida nauyi, don kwalbar da ke ɗauke da ƙwayoyi 500 idan ta rabu da takardarta yashi ce kawai.

Ajiyar kanta ta koyi darussa daga ɓarnar da aka gani. Ma'adinin pirit, wanda ake samu cikin baƙar laka, yana ruɓewa idan laimar iska ta haura kashi 60 cikin 100, ya fitar da asid mai fasa haƙorin ya kuma cinye takardar da ke tare da shi. Jibsi da gishiri suna tsira cikin tsagar saiwa su buɗe ta. Tsofaffin masu ajiya sun shafa wa burbushi ƙaro na fata da man goge katako, waɗanda ke yin duhu su tsattsage da tsufa. Yanzu an fi amfani da Paraloid B-72 da aka narkar cikin aseton, saboda ana iya wanke shi idan an so. Auduga tana sarƙe ƙananan tsinin haƙori ta karya su. A ƙasarmu akwai ƙarin abokan gaba biyu: tazarar da ke tsakanin laimar damina da bushewar hunturu, wadda ke sa saiwa ta tsage, da gara, wadda ba ta cin haƙori amma tana cin kwali da takarda. Don haka akan rubuta lamba da tawadar da ba ta gogewa a jikin babban haƙori, a sa takardar da aka rubuta da fensir cikin kwalba tare da ƙanana, a kuma yi rajista kofi biyu a ajiye a ɗakuna dabam-dabam.

Kasuwa ma tana cikin abokan gaba. Ramukan fosfat na yankin Khouribga a Maroko, waɗanda Arambourg ya yi wa babban nazari cikin 1952, suna fitar da haƙoran Otodus obliquus da ake sayarwa a shagunan duniya. Da yawansu ba su da wata shaida sai kalmar «Maroko», wasu an yi musu saiwa ta filasta, wasu an dasa su cikin muƙamuƙin ƙarya. Wannan komawa ce zamanin Malta. Mu ma mun ga irin haka da tukwane da gumakan Bura, waɗanda wawashe su ya kai har aka sa su cikin jajayen jerin kayan Afirka na majalisar gidajen tarihi ta duniya cikin shekara ta 2000.

8. Sunayen wurare da abin da ya rage gare mu

Takardun shaidar da ke Turai da kunnen baƙo aka rubuta su. «Garadimi» na Lelean shi ne Garadoumé na taswirar Faransa, kusa da Buza. Dutsen Igdaman yana bayyana a wasu rubuce-rubucen da sunan In Dama ko Indamane, kuma wanda ya san cewa in- a Tamajak ɗafi ne mai nufin «mai kaza», kamar a In Gall, zai ga cewa bambancin ya wuce na haruffa. Dokar sunayen dabbobi ba ta yarda a gyara rubutun suna don an juya shi daga wani harshe ba daidai ba, saboda haka siffar da marubucin farko ya zaɓa ita ce za ta dawwama cikin Latin. Daidaita waɗannan sunaye da yadda Adarawa da Abzinawa ke furta su, da gano ko suna biyu wuri guda suke nufi, aiki ne na mai nazarin harshe tare da mai nazarin ƙasa, kuma ya isa ya zama kundin digiri.

Akwai kuma zancen inda kayan suke. Samfuran White suna Landan, na masu binciken Faransa suna Faransa. Ƙwarangwal na Ouranosaurus nigeriensis, wanda Philippe Taquet ya tono a Gadufawa ya raɗa wa suna cikin 1976, yana Gidan Tarihi na Ƙasa na Bubu Hama a Yamai. Haƙorin da bai kai ƙwayar gero ba ba ya samun mai nema, alhali shi ne ake awon shekarun duwatsu da shi. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda Nijar ta amince da ita, ta ambaci burbushin halittu cikin dukiyar da ake karewa, kuma doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan gadon ƙasa. Doka tana hana fita da kaya, amma ba ita ke rubuta rajista ba.

9. Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna matakai uku: an ajiye haƙori don albarkarsa, an ajiye shi don ya zama hujja, an ajiye shi don ya ba da shekarun dutse. A kowane mataki abin da ake rubutawa tare da shi ya ƙaru. Daga nan muke ba da shawara uku da ba su buƙatar kuɗi masu yawa. Ta fari, sashen nazarin ƙasa na jami'a ya kafa tarin kwatance na haƙoran Igdaman da Sessao da Adar, shimfiɗa-shimfiɗa, ya kuma nemi hotuna da kwafin rajistar samfuran da ke waje. Ta biyu, kowace takardar shaida ta ɗauki sunan wuri da rubutun Hausa ko na Tamajak na hukuma, kusa da na taswira da lambobin GPS, tare da sunan da masu haƙar jibsi da makiyayan wurin ke kiran abin da shi. Ta uku, sashenmu ya zauna da masana ƙasa a tsai da ƙaramin ƙamus na wannan fanni, domin malamin makaranta a Keita ko Tamaske, idan yaro ya kawo masa haƙorin dutse cikin aljihu, ya sami kalmomin da zai gaya masa mene ne, ya kuma tambaye shi inda ya tsince shi, ya rubuta.